Kafin a Zargi Ƙarfen Sabis: Inda Intanet ke Maƙalewa a Gidajen Anka, Gummi da Bukkuyum

Wanda ya baro titin Gusau zuwa Sakkwato a mahaɗar Mayanci, ya ratsa Anka, ya wuce Daki Takwas har ya sauka Gummi, idan ya riƙa ɗaga kai zai ga abin da babu shi shekaru goma da suka wuce. Ga faifan sola a kan kwano, ga dogon bututun ƙarfe an ɗaura masa eriya, nan da can kuma ga farin farantin Starlink yana kallon sama. A ƙarƙashin kowanne akwai mai neman abinci: mai POS, mai shagon buga takardu da cike wa ɗalibai fom, mai kemis da ke karɓar tiransifa, ko magidancin da ya sayi layi ɗaya ya rarraba wa sassan gidan gandu.

Raba layi ɗaya dabara ce ta rage asara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, sannan a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Sai mutane suka koma haɗa ƙarfi. A sayi rauta ɗaya mai kyau, a ja kebul daga shago zuwa gida, a sa akwatin rarraba layi a zaure, a kafa eriya biyu su tsallaka da intanet ɗin zuwa gidan ƙane a wata unguwa. Tsarin yana aiki, amma duk inda aka yi haɗi an buɗe wata ƙofar matsala. Ranar da abin ya tsaya kuma magana ɗaya ce a bakin kowa: babu sabis. Sai a naɗe hannu ana jiran kamfani, ciniki yana wucewa, alhali sau da yawa cutar tana cikin ɗaki, kuma maganinta bai fi aikin rabin sa'a ba.

Watannin da aka yi shiru

Mutanen wannan yanki suna da hujjar saurin zargin turken sadarwa. A ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar NCC, a ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Danbatta, ta umarci kamfanonin waya su kashe dukkan turakunsu na Zamfara, bisa roƙon gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle, don jami'an tsaro su samu damar matsa wa 'yan bindiga. Kwana biyu kafin nan an kwashe ɗalibai fiye da 70 daga makarantar sakandaren Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Da farko mako biyu aka ce. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin mayar musu. A tsakanin nan an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka, mutane suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi, wanda kuma kira ya zame masa dole sai ya tsallaka wata jiha.

Ko bayan an mayar da layi, tsugune ba ta ƙare ba. A farkon Janairun 2022 aka kai munanan hare-hare ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka kashe mutane da yawa. Turken sadarwa a karkara yana rayuwa ne da janareton gas da batura, kuma sai mota ta kai masa man, sai injiniya ya je ya duba shi. Hanyar da ba ta biyuwa ga ɗan kasuwa ba ta biyuwa ga tankar mai. Saboda haka akwai ranakun da gaskiya ne babu sabis, kuma ba abin da mai gida zai iya.

Amma wanda ya saba da irin wannan katsewa yakan daina bincike. Duk abin da ya faru sai ya ɗora wa ƙarfen sabis, ko ya tashi ya sayi sabon layi, sabuwar rauta, sabuwar data, a bar jaki ana dukan taiki. Masu sana'ar gyaran intanet a ko'ina ƙa'ida ɗaya suke bi: a fara daga abin da ya fi kusa da hannu, a riƙa matsawa gaba mataki-mataki, kuma kada a taɓa abu biyu a lokaci ɗaya, don a san wanne ne ya gyara ko ya ɓata.

A fara daga soket

Mafi yawan rautocin gida da volt 12 suke aiki, ta wata 'yar baƙar adafta da ba wanda ya damu da ita. Idan ta ƙone sai a ɗauko ta dikoda ko ta wata tsohuwar na'ura, tunda bakin ya shiga. Fitilun rauta za su kama, kowa ya ɗauka lafiya lau, amma idan ƙarfin adaftar bai kai abin da aka rubuta a bayan rautar ba, da zarar wayoyi biyar ko shida sun hau sai ta mutu ta sake tashi da kanta. Kowane tashi yana cin minti ɗaya ko biyu, kuma a idon mai POS wannan shi ne "sabis yana rawa". Haka yake faruwa a gidan da ake sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareto da inbata: duk sauyi sai layi ya yanke. Ƙaramin batirin da ake sa wa rauta shi kaɗai yana kawar da wannan.

Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, tana da nata cin wutar. Farantin da aka fi sani yana jan wat 50 zuwa 75, wato fiye da yunit ɗaya a kwana idan an bar shi a kunne dare da rana. Batirin solar da aka auna shi don ƙwan fitila da fanka ba zai kai shi asuba ba. Mai gida zai ce intanet tana ɗaukewa cikin dare, alhali batir ne ya sauka.

Sai zafi. Akasarin waɗannan na'urori an ƙera su ne su jure zafin da bai wuce digiri 40 ba. A watannin Maris zuwa Mayu inuwa ma takan wuce haka a Zamfara, balle shagon kwano marar silin. Alamar a bayyane take: da safe komai daidai, tsakanin azahar da la'asar abin ya riƙa yankewa, bayan magariba ya dawo. A taɓa bayan rautar. Idan hannu ba ya iya daɗewa a kai, an gano cutar. A gidaje da yawa ana rufa mata ƙyalle don kare ta daga ƙurar hunturu, sai ƙyallen ya toshe ramukan shan iskarta. Abin da take so shi ne a rataye ta a bango, sama-sama, a fili, a riƙa kaɗe mata ƙura da busasshen burushi.

Kebul da akwatin rarraba layi

Fasahar haɗa kwamfutoci da kebul, wadda ake kira Ethernet, ta samo asali ne a 1973 a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Kalifoniya, a hannun Robert Metcalfe da abokan aikinsa. Shekaru da yawa akwatin da ake rarraba layi da shi shi ne hob, kafin suwic ya maye gurbinsa. A ido kamarsu ɗaya: akwati mai ramuka biyar ko takwas da fitilu a jere. A aiki kuwa hob kamar sanƙira yake, saƙon mutum ɗaya sai ya shelanta wa gari duka, idan biyu suka yi magana tare kuma sai kowa ya yi shiru a sake daga farko. Suwic kamar ɗan aike ne da ya san ƙofar kowa. Hob ya daɗe da barin masana'antu, amma yana faɗowa cikin kayan gwanjo da tarkacen tsofaffin ofisoshi, wasu ma gudunsu bai wuce megabit 10 ba. A karanta abin da aka rubuta a jikin akwatin. Idan hob ne, a musanya shi. Ƙaramin suwic ba ya cikin kaya masu tsada.

Akwai wata cuta da ke kwantar da gida duka cikin ƙiftawar ido. Wani ya ga bakin kebul yana reto, don kirki sai ya cusa shi a ramin da babu kowa, bai san ɗaya bakin ma a wannan akwatin yake ba, ko kuma a wani akwatin da tuni an haɗa su. Nan take saƙonni su shiga zagaye ba fita, suna ninkuwa har su cika layin. Idan aka dubi akwatin za a ga fitilun duka suna ƙyaftawa tare da sauri, babu mai hutawa. Manyan na'urori suna da kariya daga wannan, wata dabara da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, amma yawancin ƙananan akwatunan gida ba su da ita. Maganin shi ne a zare kebul ɗaya-ɗaya. Wanda aka zare fitilu suka lafa, shi ne mai laifin.

Shi kansa kebul ɗin yana da iyaka: mita 100 daga na'ura zuwa na'ura. Wanda ya ja fiye da haka zai ga layi yana zuwa yana tafiya. A cikinsa akwai siraran wayoyi takwas, bibbiyu a murɗe, kuma sai an jera su bisa tsari kafin a matse kai. Yana da kyau mutum ya tsaya ya ga yadda gwani ke yi. Zai feƙe rigar kebul ɗin kamar tsawon gaɓar yatsa, ya warware murɗin, ya jera su a tsakanin babban yatsa da manuni: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ya datse bakinsu daidai wa daida, ya tura cikin kan roba har sai ya hango jan ƙarfen kowace a ƙarshe, sannan ya matse da fulaya. Daga nan ya sa na'urar gwaji, fitilu takwas su riƙa kamawa bi da bi. Idan ta uku ta yi tsallake, ko ta shida ta riga ta biyar, yanke kan zai yi ya sake, ba gardama. Wanda ba shi da wannan 'yar na'ura, da ka kawai yake aiki.

Araha kuwa ba ta ado. Kasuwa cike take da kebul ɗin da cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. A kankare waya ɗaya da reza. Idan fari ya bayyana, shi ne. Yana saurin karyewa, kuma ba ya kai wuta nesa. Kebul ɗin cikin ɗaki kuma idan aka shimfiɗa shi a kan katanga, rana za ta farfasa rigarsa cikin 'yan watanni, ruwan damina ya shiga, ɓera ya ƙarasa sauran. Na waje daban yake, kuma ko shi gara a zura shi cikin bututun roba.

Rauta biyu, adireshi ɗaya

Wannan ita ce matsalar da ta fi wahalar da mutane, domin ba ta da alamar da ido ke gani. Kowace waya ko kwamfuta da ta hau layi sai an ba ta lambar adireshi, kuma rauta ce ke rabawa, ta wani tsari da ake kira DHCP. Idan gida ya yi girma sai a sayo rauta ta biyu a kai sashen mata ko ɗakin samari, a haɗa ta da kebul, a bar ta yadda ta fito daga kwali. Ita ma sai ta shiga raba nata adireshin. Sau da yawa ma lambarsu ta asali ɗaya ce, 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Wayar da ta karɓi adireshi daga ta farko za ta yi aiki. Wadda ta karɓa daga ta biyu za ta nuna Wi-Fi a cike amma ko saƙon WhatsApp ba zai fita ba. Gobe kuma abin ya juya: wadda ta yi jiya ta ƙi, wadda ta ƙi ta yi. Daga nan ake fara zargin juna a gida, wai wani ya toshe wani.

Gyaran ba ya cin ko sisi. A shiga shafin saitin rauta ta biyu, a kashe mata rabon adireshi, a ba ta lambar kanta da ba ta yi karo da ta farko ba, misali 192.168.1.2 idan ta farko 192.168.1.1 ce, sannan a sa kebul ɗin a ɗaya daga ramukan LAN maimakon ramin WAN. Sababbin rautoci da yawa suna da zaɓi guda da ke yin wannan duka. A kwamfuta kuma akwai alama mai amfani: idan aka duba adireshinta aka ga ya fara da 169.254, ma'anarsa ba ta samu mai ba ta adireshi ba sam, ta laƙaba wa kanta ne. To a nan sai a koma kan kebul da akwati, babu ruwan kamfanin waya.

A kuma yi hattara da ɗan ramin da ke bayan rauta, wanda ake danna shi da tsinke. Yana goge duk saitin da aka yi, har da sunan Wi-Fi da lambar sirri da gyaran da aka ambata yanzu. Mutum ya ji an ce "a yi mata risat" sai ya danna, ƙaramar matsala ta zama babba. Kashewa da kunnawa daban, gogewa daban.

Gadar da ba a gani

Idan nisa ya wuce mita 100, ko akwai titi a tsakani, sai a koma haɗawa ta iska. Hanya mafi sauƙi ita ce 'yar na'urar da ke kama Wi-Fi ta sake watsa shi gaba. Tana da amfani, amma irin mai rediyo ɗaya tana raba gudun layi kusan biyu, domin ita ce mai saurare kuma ita ce mai maimaitawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai ta can ɗakin da sigina ba ta kai ba. Wurinta shi ne tsakiyar hanya, inda siginar ke da sauran ƙarfi. Ginin ƙasarmu ma yana da nasa hukunci: katangar laka mai kauri tana shanye sigina, kwano da ƙofar ƙarfe suna mayar da ita baya, tankin ruwa yana tare ta. Zangon Wi-Fi na 2.4 ya fi ratsa bango da kai wa nesa, zangon 5 ya fi gudu amma bango biyu sun ishe shi. A unguwar da rautoci suka yi yawa, tashoshi uku ne kawai a zangon 2.4 ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11.

Hanya ta biyu, wadda ta fi inganci, ita ce eriya biyu masu kallon juna, irin na Ubiquiti ko MikroTik ko TP-Link, ɗaya a nan ɗaya a can. Suna iya kai layi kilomita da dama, bisa sharaɗin su ga juna. Ganin ma ba na tsinin ido kawai ba ne. Siginar tana buɗewa a tsakiyar hanya, abin da masana ke dangantawa da lissafin wani masanin Faransa, Augustin Fresnel. A tazarar kilomita ɗaya a zangon 5, buɗewar ta kusa mita 4 ta kowane gefe a tsakiya, kuma ana so aƙalla kashi 60 cikin ɗari na wannan fili ya zama babu komai a cikinsa. Saboda haka eriyar da ke leƙen 'yar'uwarta ta saman rufin maƙwabci da ƙyar, ba ta tsira ba.

A nan ne sanin itatuwan ƙasa yake yi wa mai wannan aiki rana. Kuka tana tsiraita da rani, ta cika da ganye da damina. Wanda ya kafa eriya a watan Fabrairu yana hango ɗaya gefen ta tsakanin rassanta, zai ga layinsa ya mutu a watan Yuli, ga ganye ga ruwa a jikinsa, kuma ɗanyen ganye jiƙaƙƙe yana cin sigina sosai. Gawo kuwa akasin haka yake yi: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi lif. Layin da ya ratsa ta kansa zai yi lafiya duk damina, sai an kai amfanin gona gida ya fara ciwo. Darbejiya ba ta da hutu, kuma kowace shekara tana ƙara tsawo. Wanda ya ce "bara lafiya lau yake yi", a tambaye shi a wane wata aka kafa, sannan a hau sama a duba abin da ya shiga tsakani, itace ne ko sabon bene.

Iskar farkon damina ma tana juya bututun da ba a ɗaure shi da wayoyi ta gefe uku ba, kuma kaucewa kaɗan ta isa. Shafin eriyar yana nuna ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi: tsakanin -50 da -65 lafiya ne, idan ta gangara -80 layi ya kusa yankewa. Waɗannan eriyoyi ta cikin kebul ɗin suke samun wuta, daga wani ɗan akwati mai rami biyu, ɗaya an rubuta POE ɗaya LAN. Idan aka musanya su eriya ba za ta tashi ba. Wasu da volt 24 suke aiki, wasu da 48, kuma ba wa mai 24 wutar 48 yana iya ƙona ta. Sannan a tabbata an saita su a matsayin gada zalla. Idan ɗaya ta koma aikin rauta, an sake faɗawa rikicin adireshi. Zai fi sauƙi bakin biyu su zama ƙirar kamfani ɗaya.

Dogon ƙarfe a saman gida yana jawo tsawa, kuma ko a kusa ta faɗi, kebul yana iya kwaso ƙarfinta ya shigo da shi ɗaki ya ƙona duk abin da ke haɗe. A binne sandar jan ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da bututun, idan hadari ya taso kuma a zare kebul ɗin da ya sauko daga sama. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024 ta ƙara nuna cewa batir da inbata da akwatin layi ba kayan ajiyewa a daɓe ba ne.

Idan da gaske laifin daga waje ne

Akwai gwajin da ke raba gardama. A zare komai, a bar rauta ta farko ita kaɗai, a haɗa mata kwamfuta ɗaya da gajeren kebul ko waya ɗaya a tsaye kusa da ita. Idan intanet ta zo, cutar tana cikin gida. A riƙa mayar da kaya ɗaya-ɗaya har a kai ga wanda ya kawo ta. Idan ba ta zo ba, a fara duba ko data ce ta ƙare, ta *323#, domin wayoyi goma masu sabunta manhajoji da kallon bidiyo suna iya cinye ta wata guda cikin mako. Mai kwamfuta yana da umarnin ping: ya gwada lambar rautar, sannan 8.8.8.8 ta Google. Idan ta farko ta amsa ta biyu ta ƙi, hanyar fita ce ta toshe. Idan duka sun amsa amma shafuka ba sa buɗewa, tsarin da ke fassara sunayen shafuka zuwa lambobi ne ya sami matsala, kuma ana iya sauya shi a saitin rauta.

Rautar da ke aiki da layin waya tana nuna ƙarfin siginar turke a shafinta da sunan RSRP. Wajen -80 yana da kyau ƙwarai, -110 kuwa ya yi rauni, kuma a nan ne ɗaga eriyar waje a fuskantar da ita ga turken ke taimakawa. Idan sigina a cike take amma daga bayan isha'i komai ya tsaya, cunkoso ne: turke ɗaya, jama'a da yawa. Garuruwa irin su Anka sun karɓi ɗimbin mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, kuma duk a kan turakun da ke nan aka taru.

Wani lokaci kuma tushen abin yana can nesa. Turakun arewa suna haɗe da Legas ta wayar gilashi da aka binne a gefen tituna, wadda aikin hanya ko ɓarayi ke yankewa. Daga Legas kuma sai wayoyin ƙarƙashin teku. A ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, bankuna da intanet suka rikice a ƙasashen Afirka ta Yamma kwanaki da dama. A irin wannan rana mai POS a Nasarawar Burkullu da ma'aikacin banki a Legas jira ɗaya suke yi.

Wanda ya tabbatar laifin na waje ne yana da inda zai kai kuka: ya kira kamfaninsa a 300, ya karɓi lambar ƙorafi, idan ba a yi komai ba ya kira NCC kyauta a 622. Ƙorafin da ya zo da rana da lokaci da lambar sigina ya fi nauyi a kan "sabis ɗinku ba ya yi".

Aikin da ya rage

A kowane gari akwai matasan da ake kira "injiniya", waɗanda suka koyi wannan aiki a shagon gyaran waya, ko wajen haɗa sola da dish, ko ta kallon bidiyo. Su ne ke hawa kwano da tsakar rana, kuma a yankin da baƙon ma'aikaci ke tsoron hanya, su ne kaɗai abin dogaro. Sun cancanci a biya su haƙƙin bincike, ba sai sun sayar da sabon kaya ba, domin wanda ba a biyansa sai ya canza na'ura, na'ura zai riƙa canzawa. Su ma akwai abin da ke kansu: su bar wa mai gida takarda mai zanen abin da aka haɗa da me, da adireshin kowace na'ura da lambar sirrinta, su liƙa wa kowane kebul suna a baki biyu, su sauya lambar sirrin da na'ura ta zo da ita. Riƙe wa mutum lambar sirrin kayansa don dole ya sake kiranka cin amana ne.

Wannan ilimi ba ya buƙatar digiri. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana nan Talata Mafara, a shiyya ɗaya da waɗannan garuruwa. Kwas na 'yan makonni da Hausa, da kayan gwaji a hannun kowane ɗalibi, abu ne da ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum za su iya ɗaukar nauyinsa, a sa 'yan mata a ciki, domin su ne za su iya shiga sashen mata ba tare da an nemi izini ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF musamman don kai layi yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba, kuma wakilan wannan yanki a majalisa suna da damar tambayar rabon mazaɓunsu a cikinsa.

Tsaron hanya da man turke da ƙarin turaku nauyi ne na gwamnati da kamfanoni, kuma bai kamata a sassauta musu ba. Adafta da kebul da saitin rauta da tsawon bututu kuwa nauyin mai gida ne da injiniyansa. Al'ummar da ta iya raba waɗannan biyun za ta daina zubar da kuɗi a kan gyaran da ba shi ne ba, kuma ranar da ta tashi neman haƙƙinta a wajen masu turke, za ta je da hujjar da ba za a iya kaucewa ba.